Ila Bai Gudu Ba

Tun da na dawo ba ni da sakat. In na zauna majalisarmu ta bakin tashar Tasawa, kafin a zuba shayin farko wani ya ce, "Mushe Sani, yaya Tunis?" Wannan ya tambayi jirgi, wancan ya tambayi teku, mai facin taya kuwa labarin matan can kaɗai yake so. Nakan ce lafiya lau, in kawar da zancen. To, na gaji da kawarwa. Ga shi nan na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta. Kun san rakiyar mara lafiya na yi, kun kuma san yadda rakiyar ta ƙare. Yadda aka yi ne ba ku sani ba.

Alhaji Ila na Korgom, falken dabbobi, ɗan Gwaggo Tsahara ne, ƙanwar mahaifina. Taubashina ke nan. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini Mai alli, don na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Shekarun baya, ɗansa Habu da ke aikin haƙar ma'adini a Arlit ya kai shi likita, aka gano babbar jijiyar jinin da ke cikin cikinsa ta kumbura, bangonta ya yi laushi kamar tsohuwar salka. Habu ya yi ƙoƙari ya kai shi Tunis. Can ba su tsaga cikin ba. Ta matsematsi suka zura wani tiyo na ƙyalle mai waya a jiki, suka kafa shi cikin jijiyar, don jini ya riƙa bi ta ciki ya bar bangon ya huta. Suka ce kowace shekara ya je a ɗauki hoton ciki, kuma kada ya bar ƙwayar hawan jini. Ila ya je hoto sau ɗaya, ya sha ƙwaya har ta ƙare, shi ke nan. In na yi magana sai ya ce, "Ɗan tsagan nan biyu? Wallai wanzamin garinmu ya hi su yanka."

Bana, wajen lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, baya ya fara damunsa. Ya ce sanyi ne, aka yi ta kafa masa ƙaho har bayan ya zama kamar an yi sassabe. Ranar da na je Korgom gaishe shi na sa hannu a cikinsa, na ji abu na bugawa kamar wata zuciya ta biyu. Na ja shi Maraɗi da faɗa. Likitan da ya duba shi da eko, na'urar leƙa ciki, bai yi kwana-kwana ba, ya ce kumburin ya dawo, ya ma fi na da, a mayar da shi inda aka yi aikin tun da sauran lokaci. Habu ya ce shi zai ɗauki nauyi, ni in raka shi tunda ina jin Faransanci. Ila ya ce ba inda za shi.

Ku da kuka tashi a gari ba lalle ku gane ba. A ƙauyukanmu maigida na iya tafiya cin rani bayan kaka, in ya bar wa iyali abinci, ba mai cewa komai. Amma wanda ya fita a shekarar yunwa, rumbu ya kusa ƙasa, ba a yi shuka ba, ko me ya ce zai je yi, sunansa wanda ya gudu. Mata su sa shi cikin waƙar daka, 'ya'yansa su gaji sunan. Bara kuwa damina ta yi gardama, ba wanda ya cika rumbu daga Korgom har Hawandawaki. Kuma mahaifin Ila haka ya yi a babban farin da aka yi muna samari. Ya ce za shi Kano nemo hatsi, har yau ba shi ba labarinsa.

"Sani," in ji Ila, "kai ka san in mota ta tsaya bakin kasuwa, har gobe Inna sai ta tambayi wa ya sauka. Ni in tashi da ƙahwata, ba rauni ba ɗingishi, in ce za ni magani? Wa za shi yarda? A bari a yi shuka, a ga tsiro, sannan in tahi kowa na kallo."

Na yi lallashi, na yi zagi irin na taubashi, na turo masa liman. A banza. Ruwa ya yi jinkiri. Da ya zo aka yi shuka, ta tsiro, rana ta ƙone ta. Ila ya sayar da abin da ya rage na awaki ya sayi iri, aka jira wani ruwan, aka sake. Duk waɗannan watanni yana hawa rumbu da kansa kowace safiya yana fiddo abin da za a daka, hannu ɗaya riƙe da ƙugu. Sai da shuka ta biyu ta kama ƙasa ya aiko mini cewa ya shirya.

Ba ya iya jure girgizar kabu-kabu, baburan haya, don haka a amalanken shanu muka fito. Ya sa aka bi da mu ta tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ya tsaya ƙofar maigari, ya tsaya ƙofar masallaci, yana ɗaga murya yana faɗin inda za shi da abin da zai kai shi. Gwaggo Tsahara, wadda idonta ya kusa tafiya, ta lalubo bakin rigarsa ta riƙe. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "Ka dawo." Ya ce, "Inna, da ni za a ci tumu." Shanun kuwa ƙashi da fata ne. Da muka kai tudun rairayi suka tsaya cak, mara lafiyan da ake tausayi shi ya fara sauka, ya ce ba zai hau kan dabbar da ta fi shi ciwo ba.

Daga Tasawa muka shiga kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai. Ba zan ba ku labarin hanya da yawa ba, kun gan ta bana: mushen shanu a gefen kwalta, mata da ƙwarya suna tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a ci sai da yunwa. Shingen sojoji kuwa ba a magana. A wani shingen na ce wa sojan mara lafiya nake kaiwa, a yi mana sauƙi. Ya dube ni, ya dubi Ila da ƙibarsa da babbar rigarsa, sai ya kama hannuna ya zaunar da ni a inuwa, ya ce wa Ila, "Baba, ka kula da shi, ya ji jiki." Ila ya yi dariya har da hawaye. "Ciwon alli ne, ɗana, ba ya jin magani." Ni ma na yi dariya, amma raina ya ɓaci, don na ga gaskiyarsa. Ciwon da ba a gani da ido, ba mai yarda da shi.

A Yamai muka sauka zauren wani mutumin Tasawa, muka kwana kan tabarma tare da masu jiran aiki da masu jiran shari'a. Aka ɗauki hoton ciki da babbar na'ura. Takardun fita suka cinye mana lokacin da ba mu da shi, don kowane ofis ka shiga sai a ce an canza shugaba, sabon bai fara sa hannu ba. A filin jirgi aka karɓe wuƙar damtsen Ila, ya ce tun da aka yi masa kaciya bai taɓa jin tsirara irin ta ranar ba. A cikin jirgi ya runtse ido daga tashi har sauka, ni kuwa da nake yi masa dariya ni na yi amai.

Masu duwan na Tunis, wato kwastan, suka buɗe jakarsa suka tarar da kilishi da ƙullin garin kuka. Suka taru a kan kukar suna shinshina, suna kallonmu kamar sun kama manyan ɓarayi. Faransancina ya ƙare, don ban taɓa koyar da yadda ake miyar kuka ba. Ila da guntun Larabcinsa na fatauci ya lashi garin, ya miƙa wa babbansu ya ce shi ma ya lasa. Mutumin ya lasa, ya yamutsa fuska, ya mayar mana da abinmu. Kilishin dai suka riƙe, wai doka ta hana. Ila ya ce dokar ta san daɗi.

Masaukinmu ɗaki ne a saman wani dogon bene, na wata gwauruwa, Madam Zuhra, mai ba marasa lafiya baƙi haya. Mace ce mai faɗa da kirki a haɗe. Ita ta koya mana shiga akwatin da ke hawa da mutane sama, ita ta hana mu shanya wanki a taga. Mutanen can gaisuwarsu gajera ce, kafin ka tambayi gida da gajiya mutum ya yi nisa, amma maza na sumbatar juna a kumatu a tsakiyar titi. Mazansu na wuni a gidan gahawa, kujeru duk na fuskantar hanya, ba mai kallon ɗan'uwansa. Abincinsu kuskus, wato dambunsu na alkama, sai wani jan yaji da kifin gwangwani da suke zuba wa komai. Kyanwoyinsu sun fi awakinmu na bana ƙiba.

Abin da ya tsaya wa Ila a rai shi ne burodi. Ba sa jefa shi cikin shara, sun ce alhaki ne, sai su ƙulla ragowar a leda su rataya a bango ko a ƙofa. Kowace safiya in za mu likita sai mu wuce ta gaban ledojin nan. Ila yakan tsaya ya dube su. Ta tagar ɗakinmu kuma ana hango maƙabarta, fara fat, kowane kabari an gina shi an rubuta suna. Na ce masa ka ga mutanen da suka san darajar mamaci. Ya ce, "Mu namu ba rubutu, amma kowa ya san inda nashi yake."

Likitar da ta karɓe mu mace ce, 'yar ƙarama mai furfura. Da ta ce ya kwance wando ta duba wurin tsohon aikin, Ila ya dube ni kamar ni na shirya masa, ya rufe ido ya kama salati har ta gama. Sannan ta zana mana a takarda. Tiyon nan ya zame ƙasa daga inda aka kafa shi, bakinsa na sama ya saki, jini na tsiyaya ta gefe yana komawa cikin tsohuwar salkar yana hura ta. Ta ce irin wannan yakan faru bayan shekaru, don shi ake cewa a riƙa hoto. In an gani da wuri, ƙarin tiyo kawai ake zurawa ta hanyar da aka bi da farko, a toshe bakin. Yanzu kuwa wuyan jijiyar ya buɗe har ya kusa inda jijiyoyin ƙoda suka rabu, wurin kamawa ya yi kaɗan. Ta dubi ranar hoton Maraɗi, ta ce, "Me ya tsayar da ku?"

Na juya wa Ila tambayar. Ya ce, "Ce mata shuka."

Na faɗa mata. Ba ta gane ba, na yi mata bayanin rumbu da waƙar daka da mahaifinsa. Ta ce za ta gwada.

Ranar aikin ni kaɗai na zauna a wani dogon baranda mai sanyi. A gida da yanzu rabin Korgom na ƙarƙashin bishiyar gidan likita da tabarmi da tukwane, wannan na addu'a, wancan na gulma. Can ba mai ce maka sannu. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Aka fito da shi da rai, bayan 'yan kwanaki ya miƙe, har muka je bakin teku. Ya tsaya yana kallon ruwan, ya ɗebo ya ɗanɗana ya tofar. "Duk wanga, ba a shuka ko kwano guda da shi?" Na ce ba a yi. Ya ce, "To ashe su ma an yi musu tasu jarrabawa." Ranar na yarda mun tsira, har na saya wa matata ɗankwali.

Hoton da aka sake ɗauka ya karya mu. Ƙarin ya zauna, amma bai toshe ba, jini na nan na bi. Ruwan da ake ɗura wa jijiya don hoto ya fito ya taɓa ƙodarsa, zuciyarsa kuma dama ta gaji da shekarun da ya yi ba ƙwaya. Likitar ta ce saura hanya ɗaya, a tsaga cikin, a cire tiyon gaba ɗaya, a ɗinka sabo da hannu. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce a halin da yake, tashinsa daga teburin ya fi wuya. In kuma an bari, salkar za ta fashe, ko wata mai zuwa, ko gobe.

Da muka koma masauki Ila ya tsaya a taga yana kallon maƙabartar nan. "In na mutu nan, can za a kai ni?"

Na ce can ne.

"Da sunana a rubuce. Wa za shi karanta ma Inna?" Ya juyo. "A Korgom cewa za a yi ya tahi cikin yunwa bai komo ba, kamar uban. Ɗiyana su gaji abin da na gada. Gida za ni, Sani."

Na tashi da faɗa. Na ce ko ƙanƙanuwar dama ce ai dama ce, na ce Habu na roƙonsa ta waya, na ce ni shaida ne, zan faɗa wa kowa. Daga ƙarshe sai na ce bawa ba ya gardama da ubangidansa. Ya yi murmushi ya ce, "Yau na 'yanta kaina, Mai alli." Na shiga makewayi na yi kuka, tsoho da ni.

Da ƙyar likitar ta yarda ya hau jirgi. Ta ba shi ƙwayoyi, ta riƙe hannunsa da hannu biyu, shi kuma bai janye ba. Ranar da za mu taso ya kira Madam Zuhra, ya roƙe ta da Larabcinsa ko za ta tara masa busasshen burodin nan na bango, ya kai wa jikoki, in an jiƙa shi ai abinci ne. Matar nan ta dube shi, ta rufe fuska da gyale ta fita. Ta dawo da ƙaramin buhun kuskus ta dire a gabansa, ta ce in ya yi maganar biya za ta jefa shi ta taga. Ila ya cire tufafinsa daga jaka ya bar su can, don buhun ya samu wuri. Bai yarda na ɗaukar masa ba ko sau ɗaya.

A Yamai na roƙe shi mu huta ko kwana biyu, ya ƙi. Muka shiga kar ta safe. Bayan Dogon Dutsi ƙasa ta yi kore, ya manna fuska a gilashi yana duba gonakin mutane, yana cewa wannan ya yi noman fari a makare, wancan malalaci ne. Ya ce in namu ya kai haka, tumu ya kusa. Aka tsaya azahar a wani ɗan ƙauye kafin Birnin Ƙonni. Ya yi alwala, ya sunkuya zai ɗauki buta, sai na ji ya ce, "Bayana!" Kafin in kai gare shi ya durƙusa, zufa ta jiƙa rigarsa, leɓensa ya yi fari. Na ɗora kansa a cinyata.

"Ina munka kai?"

Na ce mun kusa.

"Ƙarya kake, Mai alli." Ya ja numfashi. "Ka hwaɗa ma Inna bisa hanya nike. Ka kai buhun."

Na yi ta maimaita masa kalmar shahada, ya bi ni har inda ya iya. Ma'aikacin ɗakin shan maganin ƙauyen ya iso da gudu, amma ba abin da ya rage masa sai rufe ido.

Na so in kai shi gida, Allah ya sani. Direba ya ce ba shi da izinin ɗaukar gawa cikin fasinja, tafiya kuma da sauran nisa, ga zafin damina. Limamin ƙauyen ya dafa ni ya ce, "Malam, baƙon Allah ne, namu ne. Kada a wahalshe shi." Na kira Habu, muka yi kuka tare, ya ce a yi. Mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suka yi masa wanka, telansu ya ɗinka likkafani, fasinjoji suka tsaya aka yi salla kafin kar ta wuce. Ni na sa shi a kabari da hannuna, na juya fuskarsa gabas. Daga wurin, Korgom ma gabas take. Da yamma suka kawo mini fura wadda ruwa ya fi gari yawa, suna ba ni haƙuri, su ma abin da ke gare su ke nan.

Washegari na kama hanya da buhun a cinya. Labari ya riga ni isa ta waya, an yi zaman makoki, amma Gwaggo ta ce ba za ta karɓi gaisuwar kowa ba sai ta ji daga bakin wanda suka tafi tare. Ban ko sauka daga kabu-kabu ba na ji wani a bakin kasuwa yana cewa, "Gidan nan dai haka suke, in sun fita ba su komowa." Amsarsa ce wannan da kuke karantawa.

Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta. Ta ji tsayawar babur, ta ɗaga kai.

"Wa ya sauka?"

"Ni ne, Gwaggo. Sani."

"Kai ɗaya?"

Na ce ni ɗaya.

A hankali ta ce, "Shi ma?"

Na durƙusa na ɗora buhun a kan ƙafafunta. Na ce, "A'a, Gwaggo. An ce ya tsaya a yi masa aiki, ya ƙi, ya ce gida za shi. Bisa hanya yake, shi ya ce in faɗa miki. Wannan kuma shi ya nemo, shi ya ɗauko da hannunsa." Ta kwance bakin buhun, ta zura hannu, ta daɗe tana murza tsabar tsakanin yatsunta. Ta tambayi wane irin hatsi ne, na ce na can ne, kamar dambu ake turara shi. Ta kira uwargidan Ila ta ce, "A ɗora tukunya. Maigida ya aiko da abinci."

To, kun ji yadda Tunis take. Ila bai gudu ba, wanda ke shakka ya zo in kai shi ya ga wurin. Geronsa ya yi, an ci tumu ba shi. Na koma Korgom kwanan baya, ina zaune kusa da Gwaggo motar kasuwa ta tsaya, muna jin hayaniyar masu sauka. Na jira ta yi tambayar da take yi tun muna samari. Ba ta ko ɗaga kai ba.